Alƙalin Injinan Asibiti

Kafin rana ta gama hawa, Alƙali ya riga ya buɗe ƙofar wurin gyara. Haske yakan zubo ta tagogin sama, ya kwanta a kan injinan da mota ta kwaso daga asibitoci: na'urar iskar numfashi, firijin alluran rigakafi, kwalbar jarirai, kowanne da ciwonsa. Yakan bi su a hankali kamar likita mai zagaye, ya dafa wannan, ya kara kunne a jikin wancan. Can sai ka ji ya ce, "Wannan a gyara. Wannan ma wahalar da shi aka yi, waya ce ta saki. Wancan kuwa ya gama nasa." Abin da ya ja masa sunan ke nan.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti da ke ƙarshen hanyar motarsu. Wata damina kwalbarmu ta daina ɗumi, ga bakwaini a ciki, uwarsa na tsaye ta zuba mini ido. Ƙa'ida ita ce a tura injin babban wurin gyara, ga shi ruwa ya ɓata hanya. Na kira shi muryata na rawa.

"Ƙanwata, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Ɗora yaron a ƙirjin uwarsa, ki lulluɓe su. Sai ki kara mini wayar a jikin injin."

Na kara. Ya yi shiru, ba na jin komai sai ɗigar ruwa daga rufi.

"Fankarta na juyawa. Kada ki tura ta ko'ina. Abin da ya mutu bai kai ɗan yatsa ba, kuma ina da shi a jikin wata da na sallama bara."

Mai babur ya kawo, mai gyaran lantarkin unguwa ya ɗaura, Alƙali na faɗa masa ta waya. Kafin yamma ɗumi ya dawo. Yaron ya rayu.

Kai ne ka dage sai an koya wa masu gyara na kusa da mu ƙananan ayyuka, aka ajiye musu kayan canji, don kada inji ya yi ta yawo a bayan mota gado na jiransa. Kai ne kuma ba ka yarda tausayin ƙarfe ya rufe maka ido ba. Direbanku ya ba ni labarin wata tsohuwar na'urar iska da ka daɗe kana lallaɓawa, har ana tsokanarka cewa 'yarka ce. Ranar da ta sake dawowa, ka zauna gabanta ka jima.

"Baba, a ƙara gwada ta mana," in ji direban.

Ka girgiza kai. "Ranar da za ta sake tsayawa, a hancin wani za ta tsaya." Da hannunka ka kwance ta, ka ware abin da zai yi wa wasu amfani.

Makon jiya ka yi ritaya. A wurin sallama matarka ta miƙe ta ce, "To ni da gwiwa ta lalace, gyara ko yarwa?" Ka ce, "Ke a gida za a gyara ki, ba mai kai ki ko'ina." Muka yi ta dariya, wasunmu na share ido.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya saka maka da alheri. Ku kuma da kuka gaji kujerarsa, in an ajiye muku inji a gaba, kafin ku ɗauki sukudireba ku fara tambaya: wa ke kwance yana jiran wannan?