Lasifikar da Ba Ta Taɓa Ƙasa

Yayana mai kiɗan disko ne. Ba ya buga ganga, ba ya rera waƙa. Masu taro ne ke kiransa, ya zo da kayan sautinsa ya jera, ya saka wa mutane waƙoƙi su taka. Shekara ashirin da shida yana wannan aikin. Girgiza ake ce masa, don in ya kunna kayansa har ruwan cikin kofi sai ya yi rawa a kan tebur. Ni kuwa Auta yake ce mini, duk da na haura arba'in kuma ina koyar da 'yan aji huɗu a makarantar firamare.

Kayan nasa akwatunan lasifika ne na katako guda huɗu, baƙaƙe, kowanne ya kawo mini ƙugu, kusurwoyinsu duk sun cinye saboda jan da ake yi musu. Ga kuma amfilifaya biyu, na'urorin da ke ƙara wa sautin ƙarfi, a cikin wani akwatin ƙarfe da ya fi su nauyi. Shi kaɗai yake ɗauka, shi kaɗai yake saukewa. Da yana da masu taya shi, amma shekara biyar da suka wuce ya sallame su ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka ce rowa ce ta kama shi da girma. Ba rowa ba ce. Kunnensa ne ya tafi, kuma duk wanda ya tsaya kusa da shi na awa ɗaya a wurin aiki zai gane.

Ni ma ba faɗa mini aka yi ba. Wata rana da la'asar na je gidansa, na same shi a ɗakin ajiya yana gyaran waya, ya ba ƙofa baya. Na gaishe shi sau uku bai juyo ba. Ni kuma bakina ba ya da birki. Na tsaya na wanke shi tas, na tono har laifin da ya yi mini muna yara. Sai da na gaji ya juyo zai ɗauki almakashi, ya gan ni, ya yi murmushi.

"Auta, yaushe kika shigo?"

Matarsa tana tsaye a bakin kicin da ludayi a hannu. Ta girgiza mini kai a hankali, ta koma ciki.

Kunnensa na hagu ya mutu gaba ɗaya. Na daman yana ɗan kamawa, kamar maganar da ake yi a bayan bango. Sauran a bakin mutum yake karantawa. A wurin aiki kuwa yana da dabararsa. Yakan shimfiɗa wa teburinsa ƙyalle mai saukowa har ƙasa, ya cire takalmi a bayansa ya tsaya da safa. Akwati ɗaya kullum yana gefen tebur, ya jingina gwiwarsa da shi. Bugun waƙar yana bin katako, yana bin daɓe, yana shigo masa ta ƙafa. Da wannan, da fitilun amfilifaya da ke kusa da shi, da ƙafafun masu rawa, ya ci shekara biyar babu wanda ya sani sai mu biyu, ni da matarsa.

Sau ɗaya na ce masa ya nemi na'urar da ake maƙalawa a kunne. Ya ce, "A gan ta a kunnena? Wa zai ɗauki kurma ya yi masa kiɗa?" Daga nan bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake ba.

Sai kuma ƙashin bayansa ya ce shi ma ga shi nan. A matakalar wani ɗakin taro abin ya faru, da akwati a kafaɗa. Aka yi masa aiki, ya kwanta wata huɗu. Ranar da aka sallame shi ina wurin. Likita ya ce kada ya ƙara ɗaga abin da ya wuce kilo goma sha biyar, in ba haka ba kujera mai taya ce za ta gaje shi. Yaya yana kallon bakin likitan, ya gyaɗa kai kamar an ce masa gobe Talata. Ban ga tsoro a fuskarsa ba, ban ga komai ba. Wannan ya fi tayar mini da hankali.

Ya sayar da akwatunan ga wani mai hayar kujeru da rumfa. Da safiyar wata Asabar na ɗauke shi a motata muka tafi shagon kayan sauti, don neman irin lasifikokin nan na zamani masu amfilifaya a cikinsu, waɗanda mutum ɗaya zai iya ɗauka. A hanya ya tsara mini aikina.

"In an kunna, ki saurara da kyau. In sautin ya fita fes, ki bar jakarki a kafaɗar dama. In yana tsaga kunne ko yana kwaroroto, ki mayar da ita hagu."

"Yaya, ni me na sani a sauti? Hayaniyar yara arba'in na sani."

"Ai shi ke nan. Kin san abin da ke sa ciwon kai."

Shagon dogo ne, matsattse, kwalaye har silin, warin sabuwar roba ya cika shi. Mai shagon ya san Yaya tun da daɗewa. Ya taso da fara'a, yana cewa yau babban kunne ya shigo, sai a yi hattara. Mutumin kirki ne, amma irin masu magana suna juya baya ne, rabin zancensa ga kanta yake yi. Duk lokacin da ya juya, Yaya ya rasa shi. Sai ni na zama doluwa. Ya faɗi abu, in juyo wajen Yaya in maimaita kamar ni ce ban gane ba.

"Wato kana nufin kowace ɗaya da wayar wutarta, ba a bukatar amfilifaya daban?"

"Haka ne, Malama."

"Kuma wannan mai inci goma sha biyu kilo goma sha uku ce, waccan mai inci goma sha biyar kuma kilo goma sha takwas?"

"Malama tana son ta koyi sana'ar ne?" in ji shi, yana dariya. Na haɗiye. Ni da nake koya wa yara lissafi.

Ya ɗora lasifika uku a kan sandunan ƙarfe masu ƙafa uku, ya ɗaga su sama da kanmu, ya kunna su bi da bi. Ta farko ta shiga kunnena kamar ana kankare tukunya, na mayar da jaka hagu. Ta biyu ba ta da laifi, sai dai da aka ƙara mata murya jikinta ya fara kaɗawa. Ta ukun, mai kilo goma sha ukun, ta fitar da muryar mawaƙiyar tsaf, har numfashinta ina ji. Na bar jakata a dama. Yaya ya saci kallona, ya lumshe ido, ya karkata kai kamar mai auna wani abu mai zurfi.

"Wannan ta fi tsabta a sama," ya ce.

"Na faɗa miki," in ji mai shago. "Kunnen nan ba a yi masa wayo."

Sai Yaya ya matsa kusa da ita tana kiɗa. Na ga ya zare ƙafa ɗaya daga takalmi, ya taka tayil da safa. Ya daɗe a haka. Ya kama sandar da hannu, ya saki. Ya mayar da ƙafarsa cikin takalmin. A nan na gane abin da shi ya gane: lasifikar tana can sama a kan siririn ƙarfe mai robobi a ƙafa, babu abin da take aiko wa ƙasa.

"In na ajiye ta a ƙasa fa?" ya tambaya.

"A ƙasa? Ai gwiwoyin mutane za ka yi wa kiɗa. Layin gaba ya shanye, na baya su ji kamar daga rijiya. Kai ma ka sani. In bugun ƙasa kake so, ga mai yi."

Ya nuna wani akwati mai faɗi a kusurwa, ya jona shi. Nan take kwalayen shagon suka fara rawa, na ji abin a haƙorana. Kafaɗun Yaya suka sauko. Rabon da in ga fuskarsa ta saki haka tun kafin asibiti.

"Kilo nawa?" na tambaya.

"Talatin da ɗaya."

Yaya ya sunkuya ya kama hannun akwatin. Na taka masa birki da idona, sannan da bakina.

"Wallahi ka ɗaga shi, a nan zan bar ka."

Ya tsaya a sunkuye na ɗan lokaci, tafinsa a kan katakon. Sannan ya miƙe a hankali, yana dafe da ƙugu. Muka ɗauki masu kilo goma sha ukun guda biyu, da sandunansu da jakunkunansu. Ya riƙe ɗaya a kowane hannu zai fita, na karɓe ɗaya. A mota na ce ko in riƙa binsa ina taya shi ɗaukar babban akwatin. Ya ce ni da ɗaukar buhun alli ma sai na yi kwana biyu ina mita. Ya juya yana kallon titi, wato an rufe zancen.

Aikin farko ni na samo masa. Shugabar makarantarmu ce za ta yi ritaya, aka shirya mata liyafa da rana a ɗakin taron makaranta. Ya iso da wuri, ya jera komai cikin minti ashirin ko gumi bai yi ba. Lasifika ɗaya a dama, ɗaya a hagu, wayoyin wutarsu sun haɗu a soket ɗaya a jikin bango. Kwamfutarsa da 'yar na'urar haɗa waƙoƙin suna kan tebur. Na tsaya a ƙarshen ɗaki na ɗaga masa yatsa cewa sauti ya kai. Aka yi jawabai, aka ba da kyaututtuka, aka ture kujeru. Malamai da iyaye suka shiga fili, har mai gadi ya ajiye sandarsa. Ni aka sa rabon lemo a can baya.

Wata uwa ce wayarta ta kusa mutuwa. Ta ga soket, ta zare abin da ta tarar, ta sa cajarta. Ba ta yi da mugunta ba.

Kiɗa ya ɗauke. Kwamfutar Yaya kuwa tana da batirinta, 'yar na'urar kuma daga kwamfutar take shan wuta, don haka duk fitilun gabansa suna ta tsalle yadda suka saba. Fitilun lasifikokin suna bayansu, can sama, inda ba ya gani. Kansa yana ƙasa yana neman waƙa ta gaba, yana gyaɗa shi, kafaɗarsa tana bin bugun da ya haddace. Da ya ɗago ya ga mutane a tsaye cirko-cirko, sai ya ɗauka waƙar ce ba ta shige su ba. Ya canza wata. Ba su motsa ba. Ya sake canzawa, ya ƙara murya. Wani malami ya ce daga gefe, "Girgiza, babu sauti fa," amma ta hagunsa yake. Yaya ya ɗauki makirufo ya kai baki yana murmushi.

"Haba iyayenmu, kunya ake ji? Ku taka mana, ku taka!"

Muryarsa ce kawai, tsirara, a ɗakin da mutum ɗari suka yi tsit. Wasu yara suka fara dariya, aka kwaɗe su. Na ga wayoyi biyu ko uku a ɗage. Ina riƙe da tiren lemo, kuma ban san me ya sa ba, sai da na nemi inda zan ajiye shi da kyau kafin in tafi. Na ratsa mutane, na fizge cajar matar, na mayar da filogin. Sautin ya fashe da duk ƙarfin da ya ƙara masa. Mutane suka toshe kunnuwa, wata jaririya ta tsala kuka. Shi bai ko ƙifta ba. Hannayensu ya gani a kunnuwansu, sannan ya dubi ni a durƙushe a bakin soket. Ya sa yatsa ya ja muryar ƙasa.

An ci gaba da rawa, kaɗan-kaɗan, don kara. Ya kai aikin har ƙarshe. Yana naɗe wayoyi shugabar ta zo ta tsaya a gabansa daf, ta buɗe baki sosai, ta ce masa an gode, kalma ɗaya bayan ɗaya, tana haɗawa da hannu. Mace ce mai kirki. Na so in kwaɗa mata tire. Shi kuwa ya ce, "Ba komai, ranki ya daɗe, Allah ya sa a huta lafiya," ya ci gaba da naɗinsa.

Muka loda kaya a mota. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Ban ji haushi ba, ban ji tausayi ba, jikina kawai ya yi sanyi kamar na wani. Mun wuce shataletale ya ce in tsaya a gefen hanya. Ya miƙo mini wayarsa.

"Akwai aiki ran Asabar, walimar buɗe wani shago. Ki kira mai shi ki faɗa masa yadda ake ciki. In yana so a haka, zan zo."

Na kira. Ban ƙarasa gabatar da kaina ba mutumin ya tare ni. Ya ce ai matarsa tana wurin liyafar, ta turo masa bidiyon. Ya ce sun ji ba daɗi ƙwarai, Allah ya kawo sauƙi, kada Girgiza ya wahalar da kansa, sun riga sun yi magana da wani. Na ce to, na gode. Duk wannan ina kallon gilashin gaba na yi shi.

"Me ya ce?" in ji Yaya.

Wata babbar mota ta wuce, tamu ta ɗan kaɗa. Na kashe wayar, na ajiye ta a cinyata. Sannan na juyo da fuskata gare shi sosai, yadda haske zai sauka a bakina, na faɗa masa duka ban rage ba.

Ya kalli bakin nawa har na gama.

"To," ya ce. "Mu je gida."