Kaset ɗin Baba a sabar Kubwa

Shekarar da aka kai yayata Masar wankin ƙoda, ina zaune a Kubwa, ina aikin kula da kwamfutoci a wata ma'aikatar tarayya. Lokacin kuɗi na yawo a Abuja, ko'ina ka duba gini ake yi, ofishinmu ma ya sauya kwamfutoci duk da tsofaffin ba su lalace ba. Ɗaya daga cikinsu na saya a gwanjo na kai gida.

Mahaifinmu ya rasu ya bar kaset goma sha ɗaya, hirarsa ce da mu da labaran zamansa a aikin jirgin ƙasa. Na riga na juye su cikin kwamfutar. Wata Asabar Yaya ta kira ni daga asibiti, muryarta ƙasa ƙasa.

"Auta, muryar Baba nake so in ji. Kana da hanya?"

"Ki ba ni kwana biyu, Yaya."

Na mayar da kwamfutar saba, wato na'urar da mutum zai shiga daga ko'ina ya buɗe abin da aka ajiye. A cikin gida komai ya yi daidai. Da na je ofis na gwada, shiru. Mijin Yaya ma ya gwada daga can bai samu ba.

Na kira kamfanin da ke ba ni intanet. Matar da ta ɗauka ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Oga, layin gida fita kawai yake yi, ba a shigowa ta kansa. Adireshi ɗaya kuke amfani da shi da mutane da yawa. Sai dai ka koma layin kamfanoni." Na tambaya, ta ce bai iso unguwarmu ba tukuna.

Abin da har yau yake damuna shi ne, da na yanyanka sautin ƙanana na tura ta imel, da ta ji a ranar. Na san haka sarai. Amma ina so ta buɗe shafin intanet da na tsara, ta ga hoton Baba a sama, kaset ɗin a jere. Duk lokacin da ta kira sai in ce saura kaɗan. Daga baya ta daina tambaya.

Wata abokiyar aikina 'yar Filato ce ta gan ni ina fama. Ta ce in kama hayar ƙaramar saba a waje, kwamfutata ta riƙa kiran ta daga gida tunda fita ba a hana ba, masu son shiga shafin su biyo ta wannan hanyar. Ta zauna da ni lokacin cin abincin rana har muka haɗa. Sati uku ke nan da alkawarina.

Na tura wa mijin Yaya adireshin shafin. Washegari na duba rajistar sabar, na ga an shigo daga Masar sau ɗaya, an buɗe kaset na farko. Na kira shi, ya ce ya ɗora mata kwamfutarsa kusa da filo, ta ɗan saurara, ta ce a kashe ta gaji, za ta ƙarasa gobe.

Ranar Laraba ta rasu. A can aka yi mata sutura. Ban samu zuwa ba, a Kubwa na karɓi gaisuwa, abokan aiki suna ta shigowa bayan an tashi ofis.