Faifan da Ya Tsage

Dab da tafiyar Turawa aka yi gasar makaɗa a Unguwar Rimi, kowa zai kwaikwayi waƙar wani faifan garmaho. Ƙanena mai goge ya rantse in ya faɗi zai koma noma.

Alƙalan wasu akawuna ne uku. Faifansu kuwa ya tsage, allura na kaiwa tsakiya sai ta yi ta nanata baiti ɗaya. Ƙanena ya wuce wurin sumul. Abokin karawarsa ya nanata baitin sau huɗu, shi aka ba nasara.

Na ce wa babbansu, "Malam, tsagar ma waƙa ce?"

Ya ce, "Haka take a faifai, baiwar Allah."

Wai su ne masu ilimin. Damina na faɗuwa ƙanena yana gona a Rigachikun riƙe da fartanya.