Faifan Inna a gonar gero

Innata mawaƙiya ce tun kafin ta haife ni. Tana budurwa ta bi wata goggonta mai fataucin albasa daga Aliero zuwa Ikko, can ta haɗu da wasu makaɗa masu busa ƙahon ƙarfe, irin kiɗan da ake kira jaz. Su suna busa, ita tana waƙa da Hausarmu. Har aka ɗauki muryarta a faifan garmaho. Da ta dawo gida ta yi aure, ta zo da akwatin kwano cike da baƙaƙen faya-fayai, duk na waƙoƙinta. Ba ta ƙara waƙa cikin jama'a ba, sai dai in tana tankaɗe, a hankali.

Lokacin da ta rasu ina magidanci, ina gyaran injin ban ruwa a Jega. Aka kwashe kayanta zuwa Maiyama, gidan yayanta, wanda muke kira Kawu. Da damina na je gaishe shi, aka ce yana gona. Tun daga nesa na hango wasu abubuwa suna walƙiya bisa gero. Faya-fayan Inna ne. Kawu ya zura igiya a ramin tsakiyar kowanne, ya rataye su tsakanin sanduna, iska na juya su don korar tsuntsaye. Rana ta riga ta lanƙwasa su kamar ganyen da ya ji wuta.

Na ce, "Kawu, don mi?"

Ya yi dariya ya ce, "Yau dai waƙar innakka ta yi amfani. Da can maza taka tarawa tana ba mu kunya, yanzu ko tsuntsu gudunta shikai."

Na kwance guda ɗaya da igiyarsa, na tafi da shi Jega. Tun ranar nake gaishe shi da baki kawai.

Bara wasu baƙi suka zo shagona a Sabon Garin Jega, cikinsu da wata mata mai jin Hausa. Ta ce sun tsinci faifan Inna a wata ƙasa, suna son su sake buga shi, amma sai da yardar babban gida. Babba kuwa Kawu ne, dole na kai su. Ya sha babbar riga, ya zauna ya shaida musu wai shi ya raka Inna tasha ranar tafiyarta Ikko, wai babu mai son muryarta kamarsa. Suka buga maganar tasa a bayan kwalin sabon faifan. Ni suka aiko wa guda ɗaya, tare da ƙaramin garmaho mai batir. Suka ce waƙoƙin ba za su shiga waya ba sai bayan girbi.

A lokacin Kawu ya kwanta. Ido ya tafi, ƙafa ta kumbura. Ya turo babban ɗansa ya ce in taimaka in kawo faifan, yana son ya ji muryar ƙanwarsa kafin ya cika.

Na ce, "Ka gaya mishi za a sa faifai ran Assabar da hantsi. Amma a gona, inda ya bar ta."

Matata ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Tsoho na fa."

Na ce ina jin tsoron Allah. Amma ban janye ba.

Na ɗauka ba zai zo ba. Sai ga shi an kawo shi a amalanken shanu, an tallafe shi da matashi. Suka zaunar da shi bisa kunyar gero, babu inuwa. Ni na zaɓi wurin. Kafin in taɓa garmaho na ciro tsohon faifan nan na ɗora masa a cinya. Ya shafa shi, ya bi lanƙwasar da yatsa har ya kai ga igiyar. Ya daɗe yana murza ƙullin. Irin ƙullin bakin buhun albasa ne, mai ninki biyu, wanda shi ya koya mini.

Ya ce, "Wanga ɗamri nau na."

Na ce, "Naka na, Kawu."

Na sa sabon faifan. Ƙaho ya fara, sannan muryar Inna ta shigo, 'yar siririya, mai ɗan kaushi a ƙarshen kowane baiti, tana waƙar wata mai jiran motar gida. Ɗan Kawu ya sunkuyar da kai. Kawu bai motsa ba, gumi na zuba cikin gemunsa. Da allura ta kai ƙarshe ya ce, "Ashe haka muryatta take." A nan na gane bai taɓa sauraronta ba, ko sau ɗaya.

Ya ce, "Ta ƙare ke nan, ɗan nan?"

Na ce, "Akwai ɗaya gefen."

Ya gyara zama yana jira. Na zare faifan na mayar cikin kwalinsa, na ɗaure garmaho a bayan babur. Ɗansa ya biyo ni yana haɗa ni da Allah. Na tada babur na tafi, kuma a hanyar Jega zuciyata fes take. Wannan shi ne laifina, ba na ɓoye shi.

Kawu ya rasu gero bai gama nuna ba. Na je jana'iza, na ɗauki makara, na zuba ƙasa. Limaminmu ya ce in yawaita istigfari in riƙa yi masa addu'a, ina yi. Sai dai in na ce nadamata ta cika na yi ƙarya. Duk lokacin da na juya kwalin na ga maganarsa, wai shi ya raka ta tasha, sai in ji da za a maimaita ranar, gonar dai zan sake zaɓa.

Yanzu waƙoƙin sun shiga waya, yara na jin su a bakin shago. Ni dai gefen farko kawai nake sawa. In hannuna ya kai zai juya faifan, sai in tuna yadda tsohon ya gyara zama, in kashe garmaho.