Tambayar da Ba a Maimaita wa Jikata Ba

Jikata a hannuna ta tashi. Uwarta, 'yata ta fari, ta rasu tun yarinyar tana nono, ubanta kuwa mai bin kogi ne, yau yana Guri gobe ya gangara gabas da kwalekwalensa, sai aka miƙo mini ita a cikin zane. Na goya ta, na yaye ta da kunun shinkafa. Ta yi ta tsawo kamar ana jan ta daga sama, har ta kai sai ta sunkuya take shiga ɗakina. Abu guda ta taɓa so a duniya da dukan zuciyarta, wato a kira ta gwarzuwar ƙwallon kwando ta kwalejojin 'yan mata na ƙasa baki ɗaya. Yadda abin ya zo kusa da ita, da yadda ya wuce ina zaune a tsakar gidana a Haɗejiya, shi zan faɗa.

Gonarmu ta shinkafa tana fadama. Idan shinkafa ta fid da kai, tsuntsun janbaki yakan zo garke garke har ya rufe rana. Kawun yarinyar, ɗana ke nan, yakan kafa rumfa a tsakiyar gona, ya ja igiyoyi ko'ina, ya rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Ita ce mai hawa rumfar. Sauran yara sai tsuntsu ya sauka suke ihu. Ita kuwa tun garken yana sama take gane inda zai karkata, ta riga shi jan igiyar wannan gefen. Shekarun da ta yi gadi, shinkafarmu ba ta san bakin tsuntsu ba. Idan an yi girbi mutane su ce wa kawunta, kai, bana ka yi noma. Ita tana gefe tana sosa cizon sauro.

Kwanci tashi ta shiga kwalejin 'yan mata. Wata rana da hantsi sai ga malamarsu ta wasanni ta yi sallama. Mutuniyar Filato ce, Kirista, gajera kakkaura, Hausa a bakinta kamar a unguwarmu ta Ramin Hudu aka haife ta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Iya, aron jikarki na zo."

Na ce, "Malama, me za ki yi da wannan zangarniya? Ko tuwo ba ta gama iya tuƙawa ba."

Ta yi dariya ta ce, "Ba tuwo za ta tuƙa mini ba. Ƙofa za ta tsare mini."

Kawunta yana zaure yana gyaran komar kamun kifi, ya ɗaga murya ya ce shi 'yarsa ba za ta yi tsalle da guntun wando a gaban jama'a ba. Malama ta ce dogon wando za ta sa har idon sawu, da ɗankwalinta a ɗaure. Ya ci gaba da gyaran komarsa. Na ce a je, Allah ya tsare.

Sau ɗaya na ga wasan da idona. Shekarar da aka yanke mana jiha daga Kano ce, 'yan matan wata kwaleji suka zo Haɗejiya, wanda ya ci shi zai tafi gasar ƙasa. Jikata ta nace sai na je. Aka shimfiɗa mini tabarma a gindin darbejiya, kusa da filin siminti. Ƙarfe biyu a tsaye, ɗaya gabas ɗaya yamma, kowanne da zobe da raga mai ɓulallen gindi. Kowane ɓangare yana son ya jefa ƙwallo a ragar ɗan'uwansa, ya hana a jefa a tasa. Iyakar abin ke nan, kuma ban sha wuyar gane shi ba.

A cikin 'yan matanmu akwai ƙawar jikata, 'yar maƙwabtanmu mutanen kudancin Kaduna, ubanta ma'aikacin asibiti ne. Tare suka yi wasan ƙasa, kwano ɗaya suke ci, in Sallah ta zo a gidana take kwana, in Kirsimeti ta zo tawa ce a gidansu. Wannan yarinya hannunta kamar an yi masa addu'a. Daga inda duk ta jefa sai ka ji ragar ta ce fuu, filin ya kaure da ihu, ana buga bokiti, ana kiran sunanta.

Ni kuwa tawa nake kallo. Tana can baya, gwiwoyi a lanƙwashe, hannuwa a buɗe, tana tafiya gefe gefe kamar ƙaguwa. Baƙin suna da wata ƙatuwa da aka ce ba a taɓa hana ta ci ba. Duk inda ƙatuwar nan ta nufa, sai ta tarar da jikata ta riga ta tsayawa a wurin. Ta juya hagu, tana nan. Ta juya dama, tana nan. In ta ɗaga ƙwallo za ta jefa, sai dogon hannun nan ya taso ya mare shi. Har ta kai ƙatuwar ta daina neman a ba ta ƙwallo, ta tsaya tana haki da hannu a ƙugu. Kuma kusan duk ƙwallon da ƙawarta ta jefa aka yi ihu, daga hannun jikata ya fito, ita ta ƙwato shi ta cilla mata. Amma idan ta hana, filin shiru yake yi, sai dai ka ji 'yan baƙin sun yi tsaki. Abin da bai shiga raga ba, ba wanda yake masa ihu.

Muka ci. Da yamma na ce wa jikata, "Ke, ƙawata, yaya kike sanin inda ƙatuwar nan za ta bi?"

Ta ce, "Iya, ni ba ƙwallo nake kallo ba. Ƙugunta nake kallo. Ido yana ƙarya, hannu yana ƙarya, amma inda ƙugu ya karkata can mutum za shi."

Kawunta ya ce, "Duk da haka ƙawarki ce ta ci muku wasa. Ke me kika jefa?"

Na ce, "Kai kuma da ka girbe shinkafa, wa ya hana tsuntsu ya riga ka?"

Ya ce, "Iya, a kasuwa buhu ake aunawa, ba a auna tsuntsun da aka kora."

Na san ba daidai ya faɗa ba, na kuma san haka ake yi.

Ana gobe za su tafi gasar ƙasa, jikata tana ɗaure takalmanta na kambas a leda, ta zauna a bakin gadona. Ta ce wadda duk aka zaɓa gwarzuwa a can, za a kira ta sansanin horar da 'yan wasan ƙasa, a kuma ba ta gurbi a jami'a. Wannan ce shekararta ta ƙarshe a kwaleji. In ba ta samu ba, sai koyarwa a firamaren ƙauye, inda babu siminti babu raga. Ta ce, "Iya, Malama ta ce ba a cika ba mai tsaron baya lambar gwarzuwa ba. Amma ta ce ba ta taɓa ganin irina ba." Ta faɗi wannan tana kallon ƙasa, da ƙyar na ji. Na dafa kanta na yi mata addu'a, na ƙulla mata bandar tarwaɗa da ƙuli-ƙuli.

Suka tafi wani gari can kudu, wanda har yau bakina bai iya faɗin sunansa daidai ba. Muka zauna jira. Ba waya, ba mai zuwa. Kawunta yakan rataya rediyonsa a jikin turken akuya, mu kewaye ta da azahar. Ana nan ana nan, ran nan mai labarin wasanni ya ce 'yan matan Haɗejiya sun ɗauko kofi. Gidan ya ɗauki guɗa. Sai ya ƙara da cewa gwarzuwar gasa ita ce wance, ya kira sunan 'yar maƙwabtanmu. Ta bayan katanga muka ji uwarta ta fashe da kukan murna. Na yafa mayafina na shiga na yi mata barka, kuma da zuciya ɗaya na yi, don yarinyar nan ni ma tawa ce. Na dawo na zauna. A raina na ce, to, maganar kawunta ce ta tabbata, buhu aka auna.

Ashe ba haka ba ne. Da a ce haka ne, da na fi samun sauƙi.

Da suka dawo jikata ta gaishe ni, ta ajiye mini tsarabar goro, ta shige ɗaki. Washegari Malama ta zo. Ba ta yi dariyar da ta saba ba. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Iya, jikarki ta kusa kashe ni da baƙin ciki."

Ta ce a gasar nan babu ƙungiyar da ta iya wuce yarinyar. Masu horar da 'yan wasa na wasu jihohi suna barin wurin zamansu su zo su kalle ta. Da aka gama, manyan da ke zaɓe suka rabu biyu. Wasu suka ce a ba mai jefawa, ita mutane suka zo gani. Wasu suka ce in ba don mai tsaron bayan nan ba, da tun a wasan farko an kore su gida. Suka yi ta ja har suka gaji. Sai babbansu, wani dattijo mutumin kudu mai furfura, ya ce a kira yaran ɗaya bayan ɗaya ya ji ta bakinsu, don yana son ya ga wadda ke da zuciyar ɗaukar sunan ƙasa.

Aka fara kiran ƙawarta. Ya ce mata, kina ganin kin cancanta? Ta ce e, ta yi aiki, kuma in an ba ta ba za ta ba su kunya ba. Gaskiya ta faɗa. Ta fita.

Aka kira tawa. Malama tana tsaye a bakin ƙofa. Dattijon ya yi mata murmushi ya ce, 'yata, da yawanmu ke muke so mu ba. Kina ganin kin cancanta? Sai yarinyar ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta ce a'a ranka ya daɗe, ita ba ta yi komai ba, aikin 'yan'uwanta ne, akwai waɗanda suka fi ta.

Na ce, "To, madalla. Sai ya ce me?"

Malama ta ce, "Sai ya ce to, ya gode, ta tashi ta tafi."

Na ce, "Bai sake tambaya ba?"

Ta ce, "Bai sake ba, Iya."

Na ji kamar an zare mini tabarma. A wurinmu in babba ya miƙo maka abu, ba ka cafkewa. Kakan ce a'a, ka gode. Shi kuma ya san a'ar farko ta ladabi ce, sai ya ce haba, karɓi mana. In ka sake noƙewa ya kama hannunka ya danƙa maka. Ko baƙo aka kawo wa tuwo haka ake yi, ko da yunwa na cin sa. Yarinyar nan ta ba da amsar da kowace 'yar mutunci za ta bayar a garin nan, ta tsaya a durƙushe tana jiran ta biyu. Shi kuma bawan Allah a garinsu tambaya ɗaya ce, amsa ɗaya. Ya ɗauka ba ta da zuciya. Malama ta ce ta buɗe baki za ta yi bayani, wani ya ɗaga mata hannu, ya ce masu horarwa ba su da magana a nan.

Na miƙe na ɗauko mayafi. Na ce, "Malama, kai ni wurinsa. Ko ina ne zan hau mota. Ba roƙo zan yi ba, cewa kawai zan yi ya sake tambaya."

Ta riƙe hannuna ta ce, "Iya, wa za ki tarar? Kowa ya koma jiharsa. An faɗa a rediyo, an ɗauki hoto, an gama."

Na ce to shugabar makaranta fa. Ta ce ita ma labari ta ji kamar ni. Na ce gwamnan da aka kawo mana fa. Sai ta girgiza kai, hawaye a idonta. Na tsaya a tsakar gida da mayafi a hannu, ban san ƙofar da zan nufa ba. A ƙarshe na mayar da shi kan igiya.

Ƙawarta ba ta san abin da ya faru a ɗakin ba sai da Malama ta gaya mata. Ta shigo gidanmu da gudu, lambar gwarzuwar da aka ba ta a hannunta, tana kuka. Ta ce, "Ke banza ce wallahi! Da ni ce a kujerar dattijon nan da sai na tambaye ki har ki gaji. Ungo." Jikata ta ce a'a. Ta ce ungo mana. Ta ce a'a. Ƙawar ta kama hannunta ta danƙa mata da ƙarfi, don ita a nan ta tashi, ta san yadda ake yi. Jikata ta jujjuya ƙarfen, ta rataya mata shi a wuya, ta ce, "Ba wannan ba ne, kin sani. Sunanki aka aika. Ki je ki yi ta jefawa, amma duk ranar da kika gamu da mai tsaro irina kin shiga uku." Suka yi dariya suna sharar majina.

Ranar tafiya sansanin, jikata ce ta ɗauki akwatin ƙawarta a ka har mota, ta raka ta tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. Ta dawo da la'asar, ƙafafunta duk ƙura. Ta jawo turmi ta zuba shinkafa ta fara casa. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina kallon dogayen hannuwan nan suna tashi suna sauka.

Na kira ta. Ta tsaya da taɓarya a hannu.

Na ce, "Haba 'yar nan, faɗa mini. Kin cancanta?"

Ta jingine taɓaryar a jikin turmi, ta dube ni. Sannan ta ce, "E, Iya. Na cancanta. Na fi kowa a filin nan."

Ba kowa a gidan sai ni da ita da akuya a turke. Na ce na ji. Ta koma ta ci gaba da casa.