Sashen Ƙasa

Mijin yayata mai walda ne, kuma da sana'ar kowa ke kiransa. Tun yana saurayi yake tsugune a bakin titi yana haɗa wa mutane ƙofofi da tagogi, har idanunsa suka rine, kullum suna ruwa. Ba mugu ba ne, wannan kam ba zan yi masa sharri ba. Taurin kai ne dai, sai ka ce ƙarfen da yake duka.

Shekarar da kasuwar gidaje ta faɗi, wani dillali ya hure masa kunne, wai yanzu ne lokacin saye, kafin masu kuɗi su farga. Ya sayar da gidansu mai tsakar gida, inda Yaya ke kiwon kajinta, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya sayi bene mai hawa uku don ya zuba 'yan haya.

Na ce, "Mai Walda, an zama manya! A ba ni sashe ɗaya kyauta mana."

Ya ce, "Ke da ko gaisuwa sai na roƙa?"

Ashe abin da ya karya farashin gidaje shi ya kori 'yan hayar. Ana ta sallamar ma'aikata, magidanta na kwasar iyali suna komawa gidan iyaye. Da ƙyar wani malamin makaranta ya kama sashen tsakiya. Na ƙasa, wanda ya fi kowanne kyau, Mai Walda ya yi masa fenti ya garƙame, yana jiran ɗan haya na kirki. Su kuwa suka haye can sama, inda famfo sai dai ya yi tari ya yi shiru.

Ga Yaya da ciwon gwiwa. Da farko takan sauko tana dafa bango, tana hutawa a kowane hawa. Daga baya sai in asibiti za ta. Suna, biki, gaisuwar mutuwa, duk sai dai in je in ba da haƙuri a madadinta. Matar da ba ta iya wuni ba ta leƙa maƙwabta ba, ta koma kallon titi ta taga. Wallahi abin yana ci mini rai.

Na same shi a wajen aiki na ce, "Haba, Mai Walda! Ɗaki a kulle gizo-gizo na saƙa, matarka na sama kamar tantabara?"

Ya ɗaga gilashin fuskarsa. "In muka shiga muka ɓata fentin, wa zai kama? Kuɗin hayarsa kaɗai ne zai riƙe gidan nan."

Na yi magana har na gaji, shi ma ya gaji da ji. Damina ta wuce, wata ta zo. Rannan dai ya ce to, ya haƙura, ƙarshen wata za su sauko. Yaya ta sa na ɗaure mata kwanuka a kwali. Har waƙa na ji tana yi ƙasa-ƙasa.

Ana saura kwanaki kaɗan, dillali ya kawo wani mai shagon magani da iyalinsa, a shirye suke su shiga. Ina sama ina naɗe labule muka ji mota ta tsaya, ana sauke gado da kujeru. Yaya ta leƙa ta taga, ta daɗe tana kallo.

Can sai ga Mai Walda ya hawo yana haki. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da kowa.

"Shekara ɗaya ce kawai," in ji shi. "In kasuwa ta farfaɗo..."

Yaya ta ce, "Sannu da hawa. Akwai ruwa a jarka."

Ni kam na cika na batse, na yafa mayafi zan tafi kafin bakina ya ja mini. Ta kira ni, ta jawo leda daga ƙarƙashin gado ta miƙo mini. Takalmanta ne na fita unguwa, har da sabon da ba ta taɓa sawa ba.

Ta ce, "Tafi da su, ƙafarmu ɗaya. Kar su lalace a ajiye."