Daga Ɗanzomo Zuwa Gumel da Maciji a Gwangwani

Ƙauyenmu

Ana kiran assalatu 'yata Rabi ta ƙwalla ƙara daga bayan rumbu. Maciji ne ya sare ta a idon sawu. Kafin in iso, ƙanena Sale ya farfasa kan macijin da taɓarya, kamar yadda muka saba. Na haska, na ga zanen bayansa, na ce Inna lillahi, kububuwa! Mun binne mutum biyu a garin nan saboda ita. Na sa gawar macijin a gwangwanin madara, muka hau babur ƙarfe biyar da rabi.

Ɗanzomo

Shida da kwata muka sami mota. Direba ya dubi gwangwanin, ya ce, "Baba, kindirmo ne?"

Na ce, "Maciji ne."

"To shi ma kuɗin kujera zai biya!"

Da ya ga ƙafar Rabi sai ya bar wasa, ya tashi mota ba ta cika ba. A hanya ina ta cewa ta buɗe baki, ina duba ko dasashinta ya fara jini. A shinge jami'i ya buɗe gwangwanin, ya yi tsalle baya, ya ce mu wuce, Allah ya ba da lafiya.

Gumel

Bakwai da rabi muka shiga asibiti. Likita ya ɗebi jininta a 'yar kwalba, ya ajiye, ya ce minti ashirin za a jira: in bai daskare ba, dafi ya shiga. Sannan ya zazzage macijin a faranti.

"Malam, wa ya yi wannan aiki? Kan nake nema."

Na ce, "Ƙanena ne, likita."

Ya girgiza kai, ya kifa gawar, ya nuna mini ƙarƙashin wutsiya. "Ɓawon kububuwa a nan layi ɗaya ne. Ƙirga wannan."

Na duba. Layi biyu.

Ya ce masana sun raba macizai gida-gida kamar salsalar dangi. Kububuwa gidansu ɗaya da kasa. Wannan kuwa mashayin ƙwai ne, ko haƙoran kirki ba shi da su. Kakanninsu sun rabu tun da daɗewa, rigar ce kawai ya ara don a ji tsoronsa.

Na ce, "Kama da wane ba ta wane."

Ya ce, "Haka ne, amma jini ne alƙali."

Na zauna ina jan carbi, idona a kan kwalbar. Da lokaci ya cika ya karkata ta. Jinin bai motsa ba, ya daskare. Ya riƙe mu dai har washegari, aka sake gwaji sau biyu.

Gida

Bayan azahar muka sauka. Sale na zaune a ƙofar gida, aka ce tun jiya bai sa komai a bakinsa ba. Rabi ta tako da ƙafarta, ta ce, "Baba Sale, likita ya ce nan gaba ka bar masa kan." Ya rufe fuska da hula yana kuka.

Godiya ta tabbata ga Allah, sannan ga likitan nan da direban da ko sunansa ban tambaya ba.